Sun Ɗauko Malafar, Sun Baro Masarar

Ranar da aka buɗe sabon gidan abincin Meksiko, tun daga bakin titi ake shaida shi. A Paris ne, ko a Dubai, ko a unguwar ofisoshin jakadanci ta wani babban birnin Afirka, kamannin ɗaya ne, sai ka ce daga buhu guda aka zazzago su. An shafe bango da rawaya da ja, an rataya wata ƙatuwar malafa a bisa ƙofa, an zana ƙoƙon kan mutum da furanni cikin kwarmin idanunsa, ga kuma hoton Frida Kahlo da girarta mai haɗe tana kallon masu tauna. An yafa wa masu hidima bargo mai ratsi-ratsi ko da ana tsakar bazara. Jama'a kuwa sun yi layi, kowa da wayarsa a hannu, domin abin da ya kawo akasarinsu shi ne a gan su a wurin tun bai tsufa ba.

A ɗauki misalin wani magidanci, ma'aikaci mai albashi, da ya kwaso uwargida da yara a daren Asabar. Kafin su gama gyara zama an dire musu kwandon soyayyun gutsattsarin gurasa da aka zazzage daga leda, an malale su da wani cuku mai launin ɗorawa wanda aka ɗumama daga gwangwani. Can sai ga mai hidima da farantin ƙarfe yana ƙara yana hayaƙi, ana ta waiwaye, a bisansa yankakken nama da albasa da tattasai. Ana naɗe naman cikin wata farar gurasar alkama mai sanyi, wadda ba ta da ƙamshi balle ɗanɗano. Abin sha kuma wani jan ruwa ne mai tsami-tsami, an rubuta sunansa da Spaniyanci a takardar abinci. Da aka kawo lissafi, kuɗin da suka tashi za su sayi tiyoyin hatsin da gida zai daɗe yana ci. Magidanci ya biya bai ko yamutsa fuska ba, gobe kuma zai shaida wa abokan aikinsa cewa ya ci abincin Meksiko.

To, bai ci ba. Kuma zancen ya wuce na ɗanɗano, inda za a ce kowa da irin bakinsa. An sayar masa da sunan wata al'umma, bayan an fitar da abin da ya sa sunan ya yi daraja.

Tushen abincin Meksiko masara ce. Kimanin shekara 9,000 ke nan da mutanen kwarin kogin Balsas, a kudancin ƙasar, suka fara zaɓen iri daga wata ciyawar daji mai suna teyosinte, wadda zangarniyarta ba ta kai tsawon yatsa ba, ƙwayoyinta kuma ƴan ƙalilan ne masu taurin ɓawo. Daga wannan ƴar ciyawa suka yi ta zaɓe, damina bayan damina, har aka sami goyon masarar da duniya ta sani. Hukumar ƙasar mai kula da ire-iren tsirrai da halittu, CONABIO, ta lissafa jinsin masara 59 na asalin Meksiko: akwai fara, akwai ja, akwai shuɗiya, akwai baƙa, kowace da ƙasar da take so da abincin da ta dace da shi. Gonar gargajiya, wadda suke kira milpa, tana haɗa masara da wake da kabewa a fili guda, wake yana hawa kara, kabewa tana shimfiɗa ganye ta rufe ƙasa ta tsare laima. Manomin Maraɗi da ke shuka wake tsakanin hatsi ba ya bukatar tafinta kafin ya gane hikimar.

Sai dai babbar fasahar tana wurin matan gida. Da yamma mace za ta ɗora masara cikin ruwa, ta zuba ƴar farar ƙasa, irin wadda ake samu in an ƙona dutse, ko kuma tokar itace, ta bari ta ɗan tafasa, ta sauke, ta bar ta ta kwana a jiƙe. Da asuba ta wanke, dusar ta sulluɓe da kanta. Ta niƙa a dutse ko ta kai injin unguwa, ƙullun ya fito da danƙo da wani ƙamshi da garin masara zalla ba ya taɓa yi. Wannan jiƙaƙƙiyar masara ita ce nikstamal, kalma daga harshen Nahuwal na Aztekawa, kuma an fi shekara 3,000 ana yin ta a wannan yanki. Daga ƙullun ake ɗiba, a tafa shi tsakanin tafin hannu har ya yi faɗi ya yi siriri, a shimfiɗa a bisa kaskon yumɓu mai zafi, a juya, a sake juyawa, sai a ga ya kumbura kamar yana numfashi. Wannan ita ce tortiya. Da ita ake ɗibar miya, a cikinta ake naɗe nama ko wake a kira shi tako, kuma da zafinta ake ci, don in ta huce ta zama wani abu daban.

Wanda ya ɗauka wannan wahalar banza ce ta ƙauyawa, sai ya dubi abin da ya sami waɗanda suka ɗauki masara suka bar farar ƙasa. Bayan Spaniyawa sun ci Meksiko da yaƙi a 1521, masara ta bazu a Turai, talakawan arewacin Spaniya da na arewacin Italiya suka maishe ta abincin safe da dare saboda arharta da yawan amfaninta. Ba wanda ya tsaya ya tambayi matan da aka iske suna jiƙa ta dalilin jiƙon. Wa zai nemi ilimi wurin wanda ya mayar bawa? Sai wata cuta ta ɓulla: fata ta yi baƙi ta tsattsage a wuya da bayan hannu, duk inda rana ke bugu, sannan zawo, sannan ruɗewar hankali, daga nan sai kabari. Wani likita mai suna Gaspar Casal ya bayyana ta a yankin Asturiyas a 1735, Italiyawa kuma suka raɗa mata suna pelagra, ma'ana fata mai kaushi. A kudancin Amurka, tsakanin 1906 da 1940, ta kama mutum kimanin miliyan 3, ta kashe wajen 100,000, akasarinsu matalautan manoman auduga. Sai da Joseph Goldberger, wanda ya fara bincike a 1914, ya sha gardama kafin a yarda cewa abinci ne sanadi, ba ƙwayar cuta ba, kuma sai a 1937 Conrad Elvehjem ya gano sinadarin da ke ƙaranci, wato niyasin, bitamin B3. Sinadarin yana nan cikin masara, amma a ɗaure yake, hanjin ɗan Adam ba ya iya cin moriyarsa sosai sai an kwance shi, abin da ke kwance shi kuwa shi ne ruwan farar ƙasa ko na toka. Abin da ɗakunan bincike suka kwashe shekara 200 suna lalube, yarinyar ƙauye a Wahaka tana koyonsa daga uwarta tun ba ta isa aure ba.

Saboda haka ne, lokacin da UNESCO ta sa girkin gargajiya na Meksiko cikin jerin al'adun ɗan Adam da suka cancanci kariya, a taronta na Nairobi a 2010, zama ɗaya da ta karɓi tsarin cin abincin Faransawa, abin da aka ambata shi ne gonar milpa, da nikstamal, da dutsen niƙa, da matan jihar Michowakan masu riƙe da sana'ar. Ba a ambaci malafa ba.

To daga ina abin da aka kawo wa magidanci ya fito? Yawancinsa daga Teksas. Yankin yana cikin Meksiko har 1836, kuma a yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙi da Amurka a 1848, Meksiko ta rasa kusan rabin ƙasarta, har da Kalifoniya. Mutanen da iyaka ta tsallake su suka ci gaba da girki da abin da suka samu: naman shanu, da alkama, daga baya kuma cukun kamfani. Naman da ke ƙara a farantin ƙarfe, fahita, asalinsa yankan da masu garke ke bai wa makiyayansu a cikin lada saboda ba shi da kasuwa, sai a shekarun 1970 gidajen abincin Huston suka fito da shi. Gutsattsarin da ake malalewa da cuku kuwa wani mai hidima ne, Ignacio Anaya, wanda ake yi wa laƙabi da Nacho, ya haɗa su cikin gaggawa a garin Piedras Negras na bakin iyaka, a farkon shekarun 1940, don wasu matan sojojin Amurka da suka shigo ba mai dafuwa a kusa. Gaskiya ce, wannan abinci yana da tarihinsa da mutuncinsa, kuma talakawa ne suka ƙago shi. Gurasar alkama ma ta ainihi ce a jihar Sonora ta arewa, inda ake yin ta da hannu, siririya har ana hangen haske ta cikinta. Da sabon gidan abincin ya rubuta a ƙofarsa cewa girkin Teksas yake yi, kuma ya yi shi da hannu, da ba a sami abin faɗa ba. Amma ko na Teksas ɗin ma bai yi ba. Kwali ya buɗe.

Uban wannan hanya shi ne Glen Bell, wanda ya buɗe Taco Bell na farko a garin Downey na Kalifoniya a 1962. Dabararsa ita ce a soya tortiya tun da wuri ta sandare kamar ɓawo, a jibge, yadda kowane yaro da aka ɗauka aiki jiya zai iya cika ta cikin ƙiftawar ido. Kamfanin ya mamaye Amurka ya tsallaka ƙasashe da dama. Sau biyu ya gwada shiga Meksiko kanta, a babban birni a 1992, da kuma Monterrey a 2007, sau biyu yana naɗe tabarmarsa. A karo na biyu ma sai da ya sake wa hajarsa suna, ya kira ta takostada, don ya san mutanen gari ba za su yarda a kira wannan abu tako ba. Abin da masu shi suka ƙi karɓa, shi ne sauran duniya ke ci da sunansu.

Ga mai karatu na ƙasashen da ke amfani da Faransanci, ɓatan ya ninka. A unguwannin gefen birnin Lyon, wajen farkon shekarun 2000, ƴaƴan baƙi daga arewacin Afirka suka ƙago wani naɗi na gurasar alkama cike da nama da soyayyen dankalin turawa da miyar cuku, a danne shi a ƙarfe mai zafi, suka sa masa suna tacos. Ya karɓu, ya bazu har Maroko da Dakar da Yamai. Saurayin da ke cinsa yana ƙoshi, ba laifi. Amma in aka tambaye shi abincin wace ƙasa ne, Meksiko zai ce, alhali ba ƙwayar masara ko ɗaya a cikinsa.

Har ranakun tarihi ba su tsira ba. Duk 5 ga Mayu irin waɗannan gidaje sukan rage farashin giya su raba malafu, da yawa daga masu zuwa kuma suna zaton ranar ƴancin kan Meksiko ce. Ranar ƴanci 16 ga Satumba ce. Abin da ya faru ran 5 ga Mayu na 1862 shi ne, a Puebla, rundunar Janar Ignacio Zaragoza, wadda ba ta kai abokan gaba yawa ko makamai ba, ta fatattaki sojojin Faransa na Napoleon na Uku. Ya kamata a ce wannan labari ya fi malafa jan hankalin ɗan ƙasar da Faransa ta mulka, amma ba a rubuta shi a takardar abinci.

Masu kare irin waɗannan gidaje suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce abinci matafiyi ne, ba shi da takardar ɗan ƙasa, duk inda ya je sai ya sake kama. Haka ne. Tako mafi shahara a birnin Meksiko, wanda ake yanka daga naman da ke juyawa a tsaye gaban wuta, daga shawarmar Labanawa da sauran baƙin Gabas ta Tsakiya da suka sauka Puebla a farkon ƙarni na 20 ya samo asali. Sai dai waɗannan baƙi da hannuwansu da saninsu suka zo, suka zauna, suka yi aure, maƙwabta suka koya suka canza. Canji irin wannan yana ƙara wa girki arziki. Wanda ake magana a kansa kuwa ragi ne kawai: a cire abin da ke cin lokaci, a cire abin da ke bukatar gwani, a bar abin da ke shiga leda ya yi wata shida bai lalace ba, sannan a tsawwala farashi saboda adon bango.

Kuma ragin nan yana da waɗanda ya ci. Ran 1 ga Janairun 1994 yarjejeniyar ciniki ta NAFTA tsakanin Meksiko da Amurka da Kanada ta fara aiki, ranar da ƴan tawayen Zapatista suka ɗauki makami a jihar Chiyapas, ba kuma haɗuwar kwatsam ba ce. Masarar Amurka, wadda gwamnati ke tallafa wa manomanta, ta kwararo da arha, fiye da mutum miliyan ɗaya suka bar aikin gona cikin shekarun da suka biyo baya, da yawansu suka nufi arewa, inda wasu suka ƙare a wanke-wanke a bayan gidajen abinci masu malafa a ƙofa. A 1999 gwamnati ta janye tallafin tortiya. Garin masara na kamfani, irin su Maseca, wanda ruwa kawai ake zuba masa, ya ture jiƙon gargajiya daga shagunan birni masu yawa. A Janairun 2007 farashin tortiya ya yi tashin gwauron zabi, dubun dubatar mutane suka cika dandalin tsakiyar babban birni, a shekarar kuma aka kafa gangamin da sunansa ke cewa in babu masara babu ƙasa. Gwagwarmayar ba ta tsaya nan ba: a Maris na 2025 aka gyara tsarin mulki don haramta shuka masarar da aka sauya wa ƙwayar halitta a ƙasar. Mutanen da suka kai abincinsu har cikin tsarin mulki, su ne ake kwaikwayo da gashin baki na roba.

Mai gidan abinci ɗan kasuwa ne, abin da ake saye yake sayarwa. Babban abin takaicin yana wurin magidancin nan, domin da an kawo masa abincin Meksiko na gaskiya, da ya iske ɗakin girkin mahaifiyarsa a ciki. Masarar da yake gasawa da damina daga can ta fito, ko da yake sunan da Bahaushe ya ba ta Masar yake nunawa. Tonkar da ke cikin yajinsa daga wannan nahiya take, kalmar tumatir ma jikanyar kalmar Nahuwal ce, tomatl. Matan Meksiko suna da wani gishirin da ake kankarowa a bakin tafkuna in ruwa ya janye, tekeskite, suna jefa shi cikin wake don ya yi laushi. Wannan ai kanwa ce. A kasuwannin Wahaka mata na zaune gaban manyan kwanduna suna auna soyayyar fara da gishiri da lemun tsami da barkono, ba abin da ya raba su da masu sayar da fara a Maraɗi da Damagaram sai harshe. Amma sabon gidan ba zai sa fara a takardarsa ba, magidanci kuma da ya gan ta da ya ce ba don wannan ya sa babbar riga ba.

Hanyar ma ba ɗaya ba ce, abin ya je ya kuma dawo. An kai ƴan Afirka kimanin 200,000 bauta a Meksiko zamanin mulkin Spaniya, akasari ta tashar Berakurus. Ɗaya daga cikinsu, Gaspar Yanga, ya jagoranci bayin da suka gudu cikin duwatsu har hukuma ta amince da garinsu a farkon ƙarni na 17, garin kuma yana ɗauke da sunansa yanzu. A ƙidayar 2020, mutum miliyan 2.5 suka ce su jikokin Afirka ne. Tsamiyar da ake jiƙawa a sha a titunan Meksiko itaciyar Afirka ce ta asali. Riɗin da ake barbaɗawa a bisa mole, baƙar miyar nan ta Puebla mai haɗa barkono iri-iri da koko, daga wannan ɓangare na teku ya tsallaka. Duk wannan yana nan ga mai tambaya. Akwai ma tambayar da ta fi gaggawa ga Musulmi, domin a girkin gargajiya da man alade ake soya dakakken wake, da shi kuma ake kwaɓa ƙullun tamal, wani abu mai kama da alala da ake turarawa cikin ɓawon masara. Mai dafuwa na gaskiya zai faɗi abin da ya sa a tukunyarsa. Yaron da aka yafa wa bargo bai sani ba, gwangwani aka ba shi.

Saura jan ruwan nan. A Meksiko sunansa ruwan hamaika, kuma ana shansa a kowace kasuwa da kowane gidan biki, har abin da ƙasar ke nomawa, galibi a jihar Gerero, ba ya isarta. Kaso mai yawa na wanda take sha daga Afirka take sayowa, musamman daga Najeriya, daga gonakin Jigawa da Kano da Katsina, kasuwar Maigatari kuwa, wadda ke bakin iyaka da jihar Damagaram, tana cikin wuraren da ake tara buhunansa kafin su nufi teku. Matan ƙauye ne ke ɓare shi da hannu, ƙaiƙayinsa na cin yatsu, a saye shi wurinsu da mudu. A teburin magidanci, ƙaramar ƴarsa ta kurɓa, ta ɗago kai ta ce: «Baba, ai wannan zoɓo ne.» Uwargida ta murmusa ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ya waiga ko teburin kusa sun ji, ya ce mata ta yi shiru ta sha, sannan ya ɗaga hannu ya sa a ƙaro kofi biyu.